Tambayi Likitan Haƙori: Me Ya Sa Na Yaya Ke Zuba, Na Ƙane Na Tsaye?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan dasashi suka taru, kuma uku daga ciki sun ambaci RNA, wani sinadari da ke cikin ƙwayoyin halittar jikinmu. Na haɗa su wuri ɗaya. Ta farko ta ci fili da yawa, masu sauran wasiƙun su yi haƙuri.

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Shagon Goro, shekaruna 52. Ni da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya muke, kwano ɗaya munka ci tun muna yara, goro ɗaya muke ci, kuma wallahi na fi shi riƙon asuwaki. Amma ni haƙorana huɗu sun fita da kansu, babu rami babu zogi, wasu biyu kuma na motsi. Shi ko har yau rake yake sha da nashi. Ɗiyata da ke karatun kimiyya a jami'a ta ce wai akwai wani abu a jiki, RNA, wanda ba ya ƙera komai amma shi ke haddasa wanga ciwo. Ta yaya abin da ba ya ƙera komai zai kayar da haƙori? Kuma in gado ne, yarana ma haka za su ƙare?
*Wani Alhaji, Shagon Goro, Sakkwato*

Wa alaikumus salam, Alhaji. A gaishe min da ɗiyar tamu, karatunta bai tafi a banza ba. Sai dai kafin mu kai ga maganarta, bari mu duba abin da ya faru a bakinka.

Haƙori ba a dasashi yake tsaye ba. Saiwarsa na cikin ƙashin muƙamuƙi, wasu siraran zaruruwa sun ɗaure ta da ƙashin, dasashi kuwa ya lulluɓe su. A baki mai lafiya akwai ɗan tsagi tsakanin haƙori da dasashi, zurfinsa milimita 1 zuwa 3. A nan dauɗa ke maƙalewa, wannan mai yauƙi da mutum ke iya kankarowa da farce da safe, kuma yawancinta bakteriya ce zalla. In an bar ta, dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini da an taɓa shi. A 1965 wani likita ɗan ƙasar Norway, Harald Löe, ya sa mutum 12 masu lafiyayyen baki a Danmak suka daina goge haƙora gaba ɗaya. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 babu wanda dasashinsa bai kumbura ba. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda abin ya warware. Wannan mataki kowa na iya shigarsa, kowa kuma na iya fita.

Naka ya wuce nan. Tsagin ya zurfafa ya zama kogo, zaruruwan sun tsinke, ƙashin ya zaizaye, haƙori ya rasa abin da ke riƙe da shi ya faɗo lafiyarsa ƙalau, ko ɗigon rami babu. Ba kai kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, mutum fiye da biliyan 1, suna da ciwon dasashi mai tsanani irin wannan.

Tambayarka ta ainihi, wato me ya raba ka da ƙanenka, shi wannan Löe ɗin ya yi karo da ita. Shi da abokan aikinsa sun bi ma'aikatan gonakin shayi 480 a Siri Lanka tsawon shekara 15, mutanen da ba su san likitan haƙori ba, dauɗa ta yi wa kowa katutu kusan daidai wa daida. Sakamakon ya fito a 1986. Kashi 8 cikin 100 ciwon ya cinye su da sauri, kafin su kai shekara 45 bakin ya kusa zama wayam. Kashi 81 ya ci su a hankali. Kashi 11 kuwa bai taɓa wuce kumburin dasashi ba. Dauɗa ɗaya, ƙarshe uku.

Dalili shi ne ba bakteriya ce ke cin ƙashin da kanta ba. Ita tsokana take yi. Mai ɓarnar shi ne martanin da jikinka ke mayarwa. Da garkuwar jiki ta ji bakteriya irin su Porphyromonas gingivalis a cikin kogon nan, sai ta tura sojojin jiki, su saki sinadarai masu kawo kumburi. In martanin ya zo daidai gwargwado ya kuma lafa a kan lokaci, an tsira. In ya yi yawa ya ƙi lafawa shekara da shekaru, sinadaran nan su narkar da zaruruwan, su kuma tada ƙwayoyin da aikinsu cin ƙashi ne, su fi ƙarfin masu gina shi. To wa ke ƙayyade yawan martanin, wa ke cewa ya isa haka? A nan maganar ɗiyarka ta shigo.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka na ɗauke da DNA, tsarin gadon da ka samo daga uwa da uba, mai haruffa kimanin biliyan 3. In jiki na son ƙera wani furotin, ko na gina ƙashi ko na tada kumburi, sai ya kwafi sashen da ya dace zuwa RNA, wannan RNA ɗin ya kai saƙon inda ake ƙerawa. Abin da ya ba masana mamaki shi ne sassan da ke ɗauke da umarnin furotin, wajen 20,000, ba su kai kashi 2 cikin 100 na DNA ba. An daɗe ana yi wa ragowar kallon tarkace. Daga baya aka ga ana kwafar da yawa daga cikinsa zuwa RNA, amma RNA ɗin ba ya zama furotin. Shi ne wanda ɗiyarka ke nufi. Ba ya ƙera furotin, gaskiya ne, amma ba zaman banza yake ba.

Mafi shahara a cikin irin wannan RNA ƙanana ne ƙwarai, haruffa wajen 22 kacal, ana ce musu maikro-RNA. Amurkawa biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, suka gano na farkonsu da aikinsa a 1993, a jikin wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba. Mutane suka ɗauka abin tsutsa ne kawai, sai a 2000 aka samu na biyu, aka ga shi har a jikin ɗan Adam. A 2024 aka ba su kyautar Nobel. Yau an san fiye da 1,000 a jikinmu. Aikinsu shi ne su manne wa RNA mai kai saƙo, su hana a ƙera furotin ɗin ko su sa a rage.

Ka tuna masu noman rani a fadamar Kwalkwalawa. Injin na zuba ruwa, hanyar ruwa a shimfiɗe take, fangali-fangali na jira. Amma akwai yaron da ke tsaye da fartanya, ya toshe nan da ɗan curin laka, ya buɗe can. Bai kawo ruwan ba, bai shuka albasar ba, amma in ya yi sakaci wani fangalin ya bushe, wani ruwa ya ruɓar da shi. Aikin maikro-RNA ke nan.

A dasashi, biyu aka fi bincika. Ɗaya ana kiransa miR-146a. A 2006 aka bayyana aikinsa a ɗakin binciken David Baltimore da ke Kalifoniya: da ƙwayar garkuwa ta ji gubar bakteriya ta tada kumburi, ita da kanta take ƙera shi, shi kuma ya je ya rage wasu furotin biyu, IRAK1 da TRAF6, waɗanda ke isar da saƙon kumburin. Wato jiki na tada rigima yana kuma tanadin mai kwantar da ita. Na biyun, miR-155, yawanci zuga kumburin yake yi. In an auna dasashi mai ciwo ana yawan samun duka biyun sun hau, mai zuga na zuga, mai kwantarwa na fama. Akwai wasu kuma, irin su miR-21 da miR-223, da ke da hannu wajen balagar ƙwayoyin nan masu cin ƙashi. Mutum biyu na iya samun dauɗa iri ɗaya, amma a bakin ɗaya rigimar ta lafa, a bakin ɗayan ta zarce.

Batun gado kuwa, akwai ƙamshin gaskiya. Binciken tagwaye da aka buga a Amurka a 2000 ya nuna wajen rabin bambancin da ke tsakanin mutane a wannan ciwo daga gado yake. Kai da ƙanenka, duk da uwa ɗaya uba ɗaya, a matsakaici rabin abin da ake gada kawai kuka yi tarayya a kai, saboda haka ba abin mamaki ba ne ku bambanta. Akwai ma wani dogon RNA maras ƙera furotin, sunansa ANRIL, a kan kromosom na 9, ɗaya daga cikin ƙullin DNA da ke cikin ƙwayar halitta. A 2007 an gano cewa wurin da yake na da alaƙa da ciwon toshewar jijiyoyin zuciya. A 2009 masana a birnin Kiel na Jamus suka ga wurin nan dai yana da alaƙa da ciwon dasashi mai saurin ci. Wannan sakamako na cikin waɗanda na fi yarda da su a fagen nan, domin an sake samun irinsa a wasu rukunonin mutane. Amma ƙarin haɗarin da yake kawowa kaɗan ne, ba hukunci ba ne.

Ɗayan rabin da ba na gado ba fa? Ba ka gaya min ko kana shan sigari ko taba gari ba, ba ka gaya min yaushe rabonka da auna suga ba. Waɗannan biyu su ne manyan abokan wannan ciwo, kuma duka suna sauya yawan maikro-RNA da jiki ke ƙerawa. Sigari ma munafuki ne: yana matse jijiyoyin dasashi har jini ya daina fita, mai shi ya ɗauka lafiya lau yake, ƙashi kuwa na tafiya. Goro yana rina haƙori, amma ba shi zan ɗora wa laifi ba, tunda ƙanenka ma yana ci.

Abin da nake so ka yi cikin makon nan, Alhaji: ka auna suga da hawan jini, sannan ka je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na Asibitin Ƙwararru, a auna zurfin kogunan, a ɗauki hoto a ga ƙashin da ya rage, a yi maka wanki mai zurfi har ƙarƙashin dasashi. Dauɗar da ta ƙanƙare a jikin saiwa, asuwaki ba ya kai mata, burushi ma haka. Ƙashin da ya tafi yawanci ba ya dawowa, amma ana tsayar da ciwon, kuma sau da yawa haƙori mai motsi kan ɗan daidaita in kumburi ya sauka. Yaranka kuwa, ba dole su bi sawunka ba. A kai su a duba tun suna samari da 'yan mata, a kuma gaya wa likitan cewa mahaifinsu ya rasa haƙora da wuri. Wannan bayanin kaɗai ya fi mana amfani yau fiye da duk wani gwajin RNA.

Likita, ni ɗaliba ce a aji huɗu, ina karanta ilimin sinadaran jiki. Ina son aikina na kammala digiri ya zama auna maikro-RNA a miyau domin gano ciwon dasashi. Ana yin irin wannan gwaji a asibiti? Kuma zai yiwu a nan Sakkwato?
*Wata ɗaliba, Dundaye*

Ɗiyata, ba a yin sa a asibiti, ba nan ba, ba Ingila ba. Babu gwajin maikro-RNA da aka amince da shi domin gano ciwon dasashi. Har gobe da ɗan siririn ƙarfe mai zanen milimita muke aunawa, da hoto, da ido.

Amma na san abin da ya ja hankalinki, domin ni ma yana jan nawa. Ƙarfen nan ɓarnar da aka riga aka yi yake gaya min. In na samu kogo mai milimita 6, bai ce min ko yanzu ƙashin ke tafiya ko tun shekara biyar ya tsaya ba, bai kuma nuna min wane yaro cikin goma ne zai shiga kashi 8 ɗin nan na Siri Lanka ba. Abin da zai faɗi wannan tun kafin haƙori ya motsa, shi muke nema. Maikro-RNA kuma na da wata fa'ida: a cikin miyau ba ya saurin lalacewa, saboda yana fita ne a ƙunshe cikin ƙananan ƙunduna da ƙwayoyin halitta ke saki, ko a manne da furotin. Ana iya samunsa kuma a ɗan ruwan da ke tsattsafowa daga tsagin dasashi, a sa siririyar takarda ta tsotse shi cikin daƙiƙa 30. Wani bincike daga Sabiya da aka buga a 2018 ya auna miR-146a da miR-155 a wannan ruwa, a masu suga da marasa suga, ya samu sun hau a masu ciwon dasashi, sun kuma sauka bayan an yi musu wanki mai zurfi.

Da sauran rina a kaba. Tun wajen 2011 ake kwatanta dasashi mai ciwo da mai lafiya, kuma in kika jera sakamakon gefe da gefe za ki ga jerin sunayen ba su cika haɗuwa ba. Mutanen da ake aunawa kaɗan ne, hanyoyin aunawa sun sha bamban, ɗigon jini kaɗan a miyau na iya birkita lissafi, kuma dasashi mai ciwo ai jini yake yi. Sannan miR-146a da miR-155 na hawa a kumburi iri-iri, ba na baki kaɗai ba. Ga tambayar da ta fi duka: maikro-RNA ɗin ne ya jawo ciwon, ko ciwon ne ya ɗaga shi?

Za ki kuma ci karo da tarin maƙalu a kan dogayen RNA, masu haruffa fiye da 200, da waɗanda suka naɗe suka zama zobe, ana cewa suna tsotse maikro-RNA su hana shi aiki. Ki karanta su da taka-tsantsan. Da yawansu a kwanon gwaji aka yi su, fasalinsu ɗaya, sunan RNA ɗin kawai ake sauyawa. Wanda ya fi burge ni shi ne gano cewa bakteriyar baki ma na sakin nasu ƙananan RNA a cikin ƙunduna, waɗanda ke iya shiga ƙwayoyin jikinmu su taɓa martanin garkuwa.

Ko zai yiwu a nan? Zai yiwu, in kin rage buri. Kina buƙatar injin PCR irin wanda ya yi suna lokacin korona, da firizar da ke kai maki 80 ƙasa da sifili ba tare da yankewar wuta ba, da sinadaran da ake saye da dala. A garin da zafin Afrilu ke haura maki 40, samfurin da ya yi awa biyu a jaka a bayan kabu-kabu ya zama shara. Ki zaɓi maikro-RNA ɗaya ko biyu, ki auna mutane guda kafin wanki da bayansa, kowa ya zama ma'aunin kansa. Ki rubuta wa ke shan taba, wa ke da suga, wa ke da juna biyu, ki karɓi miyau a lokaci guda na safiya, kada ki haɗa na mai azumi da na wanda ya karya. Ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike tun da wuri, kuma ki haɗa kai da likitan haƙori da zai auna miki kogunan, domin lambar RNA ba tare da ma'aunin baki ba ba ta da ma'ana. Yawancin abin da aka rubuta daga Sin, Turai da Amurka ya fito. Ƙaramin aiki mai tsafta a kan bakunan mutanenmu ya fi babban da aka yi da ka.

Likita, ina da ciwon suga shekara tara, ina kuma shan maganin hawan jini. Dasashina na jini kullum, har na rage goge baki don tsoro. Na ga talla a Facebook ta wani ruwan kurkure baki da anka ce yana gyara RNA ya maido da ƙashi, naira dubu 35 kwalba. In saya?
*Wata Hajiya, Mabera*

Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Babu ruwan kurkure baki, ko makilin, ko ƙwaya, da ke gyara RNA na dasashi.

Magungunan RNA na gaskiya akwai su, shi ya sa masu talla suka samu abin fakewa. A 2018 aka amince da ɗaya daga cikinsu, patisiran, na wata cutar jijiya ta gado da ba kasafai ake ganinta ba, kuma ta ƙarin ruwa ake ba da shi duk mako uku. Akwai inclisiran na rage kitsen jini, allura sau biyu a shekara. Duka biyun hanta suke nufa, domin ita ce aka fi iya kai wa irin wannan magani. RNA tsirara in ya shiga baki, sinadaran miyau ke farfasa shi nan da nan. Kuma abin ba wasa ba ne: a 2016 an dakatar da gwajin wani maganin sankara na maikro-RNA, MRX34, bayan garkuwar jikin wasu majinyata ta yi mummunan bore, har aka rasa rayuka. Maikro-RNA guda na taɓa saƙonni da dama a lokaci ɗaya, in ka ɗaga shi domin abu ɗaya ka taɓa wasu da ba ka nufa ba. A dasashi, inda aka kai shi ne beraye. Masana a Jami'ar Iowa ta Amurka sun ba da rahoto a 2019 cewa sa miR-200c a dasashin bera ya rage kumburi da zaizayar ƙashi. Tsakanin bera da kwalbar da ake tallatawa a waya akwai tafiya mai nisa.

Abin da ke hannunki ya fi wannan ƙarfi. Mai suga da ba a daidaita ba, haɗarin ciwon dasashinsa ya kai kusan ninki uku, kuma abin juyi biyu ne: dasashi mai kumburi shi ma yana hana suga sauka. Da aka tattara gwaje-gwaje da dama aka yi musu bita a 2022, an ga wankin dasashi mai zurfi na rage ma'aunin suga na wata uku da kusan maki 0.4. A wurin likitan suga wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Rage gogewa da kika yi shi ke ƙara jinin. Ki samu burushi mai laushi da makilin mai fuloraid, safe da dare, ki bi bakin dasashin a hankali ko da yana jini. In asuwaki kika fi sabawa da shi, babu laifi, amma ki yanke bakinsa ki sabunta, ki kuma kai shi bayan haƙora ta ciki, inda yawancin masu asuwaki ke mantawa. Ranar da za ki je wanki ki karya kumallo, ki sha maganinki, ki tafi da katinki na suga. Ki tafi da kwalin maganin hawan jinin ma. In amlodipine ne ko nifedipine, su kan sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori a wasu mutane. Kada ki daina sha da kanki, likitanki ne zai duba ko a sauya.

Ɗiyata shekarunta 16, bakinta fes, amma haƙoranta na gaba sun fara buɗewa suna turowa waje. Wasu sun ce wushirya ce ke fitowa.
*Wani malami, Tambuwal*

Malam, wushiryar da ta fito da rana tsaka a shekara 16, haƙora na turowa, ba ado ba ce sai an tabbatar. Akwai nau'in ciwon dasashi da ke kama samari da 'yan mata, ya ci ƙashin haƙoran gaba da na turamen farko, baki kuwa a tsaftace. Yana da alaƙa da wata bakteriya, Aggregatibacter actinomycetemcomitans, musamman wani reshenta mai suna JP2 da ke fitar da guba mai kashe sojojin jiki, kuma an fi samunsa a mutanen Arewaci da Yammacin Afirka. Binciken da aka yi a kan 'yan makaranta a Maroko, wanda ya fito a 2008, ya nuna masu ɗauke da shi sun fi saura shiga ciwon nesa ba kusa ba. Yana kuma bin dangi. A kawo ta Sakkwato a ɗauki hoto. Maganinsa wanki mai zurfi ne haɗe da maganin kashe bakteriya da likita zai rubuta, ba wanda za a saya a kemis da ka ba. A zo da ƙannenta da yayyenta a duba su rana ɗaya.

Jikana ɗan shekara uku ya tashi daga ƙyanda, ya rame. Yanzu dasashinsa ya yi gyambo yana jini, bakin na wari sosai, kuncinsa ɗaya ya fara kumbura. Muna sa mishi maganin gargajiya.
*Wata kaka, Gwadabawa*

Wannan saƙo ban jira fitowar mujalla ba, ranar da ya iso na amsa shi ta waya. Na buga shi ne domin sauran iyaye.

Inna, wannan ba irin ciwon da muka yi ta magana a kai ba ne, wanda ke ɗaukar shekaru. Alamun cutar noma ne, kuma ita da kwanaki take aiki. Tana farawa daga gyambon dasashi a yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, cikin mako ɗaya ko biyu ta huda kunci ta ci leɓe da ƙashi. In ba a yi magani ba, tana iya kashe tara cikin goma. In an kama ta a matakin da kika bayyana, maganin kashe bakteriya da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita, fuskar yaro ta tsira.

Muna da asibitin yara na cutar noma a nan cikin Sakkwato tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014, kuma magani kyauta ne. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Duk wanda ya ga gyambon dasashi, warin baki mai ƙarfi, yawan dalalar miyau da kumburin kunci a yaro ramamme, ya bar shafe-shafe da turare, kada a yi sakiya, kada a jira ranar kasuwa. A ba yaron ruwa da abinci mai laushi, kunu da madara ko ƙwai in akwai, a hau mota a ranar. In Sakkwato ta yi nisa, a fara da asibitin da ya fi kusa, a ce musu ana tsoron noma ne, su fara magani kafin su turo shi.